Na haddace taici mai motsi 24 amma gwiwata ta fara ciwo, ina matsalar take?

"Assalamu alaikum malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina yawan zama a birnin Gwanzu na ƙasar Sin saboda sayen kaya, shekaruna sun haura 45. Kullum da safe ina ganin tsofaffi a lambun shaƙatawa suna taici, motsa jikin nan na mutanen Sin da ake yi a hankali, har na fara shiga cikinsu, daga baya na biya kuɗi na halarci bita irin ta ƙarshen mako, yanzu na haddace salon nan mai motsi 24 daga farko har ƙarshe. Matsalar ita ce a wurin bita idan malamin ya taɓa ni ya gyara min tsayuwa sai in ji jikina ya zauna daram, amma ina komawa masauki kafin sati ya zagayo abin ya gudu. Ga shi kuma gwiwata ta dama ta fara ciwo ta ɓangaren ciki idan na juya. Shin bitar ce ba ta da amfani ko ni ne ban gane ba? Kuma idan na koma gida inda babu malami ya zan ci gaba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya ya sa albarka a kasuwa. In na fahimce ka abu uku ka haɗa, me ya sa abin da kake ji a hannun malami yake guduwa, me ya jawo ciwon gwiwa, sannan ya za ka yi idan babu malami kusa. To ni a ganina duka ukun tushensu ɗaya ne. Ka haddace jerin motsin amma jikinka bai riga ya koyi yadda ake ɗaukar nauyi a juya da shi ba, kuma kusan duk wanda ya fara taici ta hanyar bin bayan mutane a lambu haka yake farawa, don ido hannu yake fara kamawa, ƙafa da ƙugu kuwa suna ƙasa ba mai kallonsu. Bita tana da amfani sosai, sai dai aikinta daban, aikin atisayen gida daban, kai kuma kamar kana son bita ta yi maka duka biyun.

Bari in ɗan koma baya don ka ga abin da ka haddace. Salon nan mai motsi 24 ba tsoho ba ne. A shekarar 1956 hukumar wasanni ta gwamnatin Sin ta sa masana a Beijin suka tsamo shi daga salon gidan Yang, suka taƙaita shi yadda ma'aikaci ko ɗalibi zai gama cikin minti 5 zuwa 6. Asalin taici kuwa fasahar faɗa ce, ana danganta ta ga Chen Wangting na ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan tun ƙarni na 17, a can ne Yang Luchan (1799 zuwa 1872) ya koya ya kai ta Beijin, jikansa Yang Chengfu da ya rasu a 1936 shi ya daidaita ta ta zama mai faɗi mai tafiya a hankali kamar yadda kake gani a lambu. Wannan Yang Chengfu ɗin yana da ƙa'idoji goma da almajirinsa Chen Weiming ya rubuta aka buga a 1925, kuma abin da nake so ka lura shi ne ko ɗaya a cikin goman nan bai yi maganar wane motsi ke bin wane ba. Maganarsu duka a kan jiki take: kai ya miƙe, ƙirji ya sassauta, ƙugu ya saki, a bambance ƙafar da ke ɗauke da nauyi da wadda ba ta ɗauke, kafaɗa da gwiwar hannu su sauka, sama da ƙasan jiki su tafi tare, motsi kada ya yanke, da sauransu. Jerin motsin wuri ne kawai da ake gwada waɗannan ƙa'idojin a ciki.

Daga ina motsi yake tasowa

Tsoffin rubuce-rubucen taici sun tsara abin a fili, ƙarfi tushensa a tafin ƙafa yake, ya taso ta ƙafafu, ƙugu ya ba shi alƙibla, sannan ya fito a yatsun hannu. Ma'ana hannu shi ne na ƙarshe. Ka gwada da motsi na 10, wanda ake kira hannun gajimare. Mafi yawan masu koyo za ka ga hannunsu na yawo hagu da dama yana share iska, cibiyarsu kuma na kallon gaba ba ta motsa ba. Yadda ya kamata, hannun da ke sama yana zaune ne a gaban ƙirjinka kusan ba ya barin tsakiyar jikinka, gangar jikin ce ke juyawa ta tafi da shi. In ka ɗauki kanka a waya ka ga hannu ya wuce can gefe ya bar ƙirji a baya, to hannu ne ya yi aikin shi kaɗai.

To ita gangar jikin a ina take juyawa? Nan ne maganar gwiwarka ta shigo. Akwai gaɓar da kan ƙashin cinya ya shiga cikin ƙugu, daga waje ita ce lanƙwasar nan ta matsematsi inda wando ke naɗewa idan ka zauna a kujera, malaman Sin suna ce mata kwa, kuma na tabbata ka ji malaminka yana ta maimaita ta. Wannan gaɓar an halicce ta tana juyawa ta kowane ɓangare. Ita kuwa gwiwa babban aikinta lanƙwashewa da miƙewa ne, juyin da take iya ɗauka kaɗan ne ƙwarai, balle idan nauyin jiki na kanta. Mutumin da ya shekara da shekaru yana zaman shago, zaman mota, zaman jirgi na awa goma sha wani abu, yawanci wannan gaɓar ta ƙugu ta ƙage masa, to idan ya zo juyawa ita ba ta buɗe ba, tafin ƙafa kuma ya kama ƙasa, juyin dole ya nemi inda zai fita, sai ya fita ta gwiwa. Gwiwar sai ta faɗo ciki yayin da yatsun ƙafa ke kallon waje, kuma ɓangaren ciki na gwiwa shi ke shan wahalar. Abin da ka kwatanta ya yi kama da wannan sosai, shi na fi gani a wurin waɗanda nake koyarwa.

A salon 24 akwai wuraren da wannan ya fi faruwa. Motsi na 2, raba gezar doki, da na 4, share gwiwa, duka biyun sai ka koma baya ka zauna a ƙafar baya, ka ɗaga yatsun ƙafar gaba, ka juya ta waje a kan dunduniya kamar digiri 45, sannan ka mayar da nauyi kanta. Mutane sai su yi gaggawa, ba su gama kwashe nauyi daga ƙafar gaba ba sun fara murɗa ta. Haka kuma juyin da ake yi daga motsi na 7 zuwa na 8, kama wutsiyar tsuntsu ta hagu zuwa ta dama. Ka riƙe wannan da kyau, ƙafar da za ka juya sai ta zama fanko tukuna, kuma ba ƙafar kake juyawa da kanta ba, ƙugu ne ke juyawa ya tafi da cinya da gwiwa da yatsu lokaci ɗaya. Duk inda yatsan ƙafarka na biyu ke kallo, nan ƙoƙon gwiwa zai kalla, ko kana gaba ko kana baya. Ƙafar baya ma haka, don ita aka fi mantawa da ita, mutum yana lura da ta gaba ita kuma ta baya ta rushe ciki.

Sauran gyaran masu sauƙi ne. A tsayuwar da ake tura ƙafa ɗaya gaba nauyi kamar kashi 70 cikin 100 ne a gaba, gwiwa kada ta wuce yatsu, kuma kada ƙafafun biyu su hau layi ɗaya kamar mai tafiya a kan igiya, ka bar faɗi tsakaninsu don ƙugu ya samu wurin juyawa. Ka ɗaga tsayuwarka sama, ka rage faɗin taku. Wallahi ƙasƙantar da tsayuwa ba ya nuna ƙwarewa, waɗancan tsofaffin da kake gani suna sauka ƙasa wasunsu sun fi shekara talatin suna yi. Motsi na 16 da na 17 da ake zubewa ƙasa a kan ƙafa ɗaya ka yi su a sama-sama kawai har gwiwar ta huce. Ka duba takalminka ma, irin na gudu mai kaurin ƙasa da ke kama siminti yana hana dunduniya juyawa, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa marar kauri ya fi.

Amma fa ni ban ga gwiwar nan ba, kuma ni ba likita ba ne. Ciwo a ɓangaren ciki na gwiwa a shekarunka yana iya zama guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya samu rauni, yana iya zama farkon amosanin gaɓɓai. Idan akwai kumburi, ko gwiwar tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko kana ji kamar za ta zube da kai, ko ciwon yana nan ko kana hutawa, ko ka yi gyaran nan na sati biyu zuwa uku bai ragu ba, ka dakata ka ga likitan ƙashi ko na fisiyo, wato masu gyaran gaɓɓai ta hanyar motsa jiki. Zafin tsokar cinya da rawar ƙafa lokacin atisaye ba komai, wannan aiki ne ke shiga. Ciwo mai suka a cikin gaɓa kuwa ba a yi masa haƙuri.

Kada kuma ka ɗauka taici ce ba ta dace da gwiwa ba. A 2016 masu bincike na asibitin Tufts da ke Boston a Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 204 masu amosanin gwiwa, wasu suka yi taici sau biyu a mako na mako 12, wasu aka yi musu fisiyo, kuma sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya zo kusan ɗaya. Sai dai su waɗannan malami na tsaye a kansu yana daidaita musu motsin da yanayin gwiwarsu.

Me ya sa abin da ka ji a bita yake guduwa

Lokacin da malamin ya sa hannu ya danna maka kwa ta naɗe, ya sauke maka kafaɗa, ya ɗan ja haɓarka ciki, tsayuwar da ka ji ta gaske ce, amma shi ya kai ka wurin, kai ba ka san hanyar ba tukuna. Jiki yana da nasa ma'aunin da yake gane ina hannu yake ina ƙugu yake ko ido a rufe, kuma wannan ma'aunin ya saba da tsohuwar tsayuwarka, ita yake ɗauka a matsayin daidai. Shi ya sa sau da yawa idan na miƙar da mutum sai ya ce min yana ji kamar zai faɗi gaba, alhali a madubi a miƙe yake sak, da can ne yake jingine baya bai sani ba. Kwana biyu ba sa canza abin da shekara arba'in ta gina, kana komawa masauki jiki zai koma inda ya sani.

Akwai kuma maganar ƙarfi zalla. Tsayuwa mai kyau tana ɗora nauyi a kan tsokar cinya da ta ɗuwawu, in ba su yi ƙwari ba suna gajiya cikin minti kaɗan, suna gajiya kuma jiki zai sulale ya rataya a kan gwiwa ba tare da ka sani ba. Wannan ba a fahimtarsa da kai, gina shi ake yi a hankali. Sannan ita kanta bita, saboda mutane sun biya kuɗi, malami yakan zuba abu da yawa don kowa ya ji ya samu na kuɗinsa, ka fito da gyara goma sha biyar, ka yi ƙoƙarin riƙe duka, ka rasa duka.

Akwai wani binciken da nake yawan kawowa a nan. A 2018 Fuzhong Li da abokan aikinsa a jihar Oregon ta Amurka sun gwada da tsofaffi 670 'yan shekara 70 zuwa sama masu haɗarin faɗuwa, aka ba wasu taici mai motsi 8 kacal, awa ɗaya sau biyu a mako na mako 24, kuma faɗuwa ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka yi miƙe jiki kawai. Motsi takwas fa, amma wata shida ana maimaita su.

Don haka idan za ka sake zuwa bita, ka je da tambaya ɗaya, taka yanzu ita ce ta yaya zan juya ba tare da gwiwa ta murɗe ba. Ka roƙi malamin ya taɓa ka, kuma ka roƙe shi ya sa ka a tsayuwar da ba daidai ba sannan ya mayar da kai daidai, ya maimaita, don bambancin da ke tsakanin biyun shi jiki ke iya riƙewa. Bayan ya sake ka, ka warware ka taka kaɗan, ka sake neman wurin da kanka yana kallo, in ka kasa ya sake gyarawa. Wannan matakin shi mutane ke tsallakewa, suna jin daɗin gyaran su ce na gode su wuce. A daren ranar ka rubuta da Hausarka abin da ka ji da inda ka ji shi, misali "nauyi ya koma tsakiyar tafin ƙafa, cinya ta yi zafi, bayana ya yi tsawo", wannan ya fi maka amfani a kan kwafar kalmomin malamin. In ya yarda a ɗauki bidiyo, a ɗauke ka kai bayan gyara. Kuma kada yare ya dame ka, gyaran hannu ba ya buƙatar Sinanci mai yawa.

Wajen zaɓen malami ni ɗalibansa nake kallo, musamman gwiwoyinsu da kafaɗunsu. In waɗanda suka daɗe da shi gwiwarsu na faɗawa ciki bai ce komai ba, to kai ma ba zai ce maka ba. Wanda kuma yake nuna yana ture mutane daga nesa ba tare da ya taɓa su ba, ka riƙe kuɗinka.

Sakin jiki

Za ka ji ana ta cewa fang sung, wato ka saki jiki, kuma mutane da yawa sai su langaɓe, kai ya zubo gaba, baya ya gantsare ko ya yi doro. Ka tuna macen da ta ɗauko tulu cike da ruwa a kai daga rijiya, ƙeyarta a miƙe, kafaɗunta a sake, hannuwanta ba ruwansu, nauyin yana bi ta ƙashin baya ya sauka ƙasa, ƙugunta kuma na motsi yadda yake so. Ba ta ƙage ba kuma ba ta langaɓe ba. Abin da ake nema ke nan, ƙashi ya ɗauki nauyi, tsokar da ba ta da aiki a lokacin ta huta. Numfashi ka bar shi yadda ya zo, ta hanci, ya sauka mara da kansa, kada ka tilasta masa bin motsi yanzu don yakan jawo ƙagewar ƙirji. Maganar abin da ake kira "ci" da Sinanci kuwa, wato ƙarfin cikin jiki da malaman Sin ke yawan ambata, ni abin da ake iya ji a gwada nake koyarwa, nauyi, daidaito, ɗumin hannu, kuma mutum na iya yin nisa sosai da wannan kaɗai. In ka koma gida wani zai iya tambayarka ko akwai bauta a ciki, a abin da na zayyana maka babu komai sai tsayuwa da taku da juyi, hukunci kuma na malaman addini ne.

In ka koma gida

Minti 20 zuwa 30 kullum ya ishe ka, kuma ya fi awa uku ranar Lahadi kaɗai. Ka fara da tsayuwa, ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, kwa ta naɗe kamar za ka zauna a doguwar kujera, hannuwa a sake ko a zagaye gaban ciki. Minti 3 da farko, ka riƙa ƙarawa har ka kai 10. Daga nan ka riƙa kai nauyi hagu da dama a hankali har ka iya ɗaga ƙafa ɗaya ba tare da kafaɗa ta karkata ba. Sai takun taici ba hannu, ka ɗora hannuwa a ƙugu ka yi ta tafiya, koma baya, ɗaga yatsu, juya da ƙugu, kai nauyi, ɗauko ƙafar baya, ajiye dunduniya a hankali yadda in an ce ka janye za ka iya janyewa. In ɗakinka na da tayil layukansa za su nuna maka faɗin da ke tsakanin ƙafafu. Wannan takun shi ne maganin gwiwarka, in lokaci ya ƙure maka ka bar komai ka yi shi. Bayan haka ka ɗauki motsi ɗaya tak, ni zan ce share gwiwa, ka yi ta maimaita shi hagu da dama har na wata guda ko biyu kafin ka canza. Cikakken salon 24 ka yi shi sau ɗaya a ƙarshe don kada ka manta jerin.

Tunda babu mai gyara maka, sai ka nemi abin da zai faɗa maka gaskiya. Ka ajiye waya a ƙasa daidai tsayin gwiwa tana kallonka ta gaba, sau ɗaya a mako, ka kalli gwiwa da yatsu kawai. Ka tsaya gaban bango ka ɗora tafin hannu ka tura a hankali, in ka ji matsin a kafaɗa ko a gadon baya to hanyar ta yanke a nan, in ka ji ya sauka har dunduniyar baya to ta haɗu. In ka samu ƙaninka ko abokinka ya riƙa danna maka hannu ko ƙirji a hankali yana ƙarawa kaɗan-kaɗan ya fi bango, don shi ne farkon atisayen mutum biyu da ake kira tuishou, sai dai ku yarda tun farko ba kokawa kuke ba.

Gaskiya akwai iyakar da mutum shi kaɗai ba ya wucewa, musamman a aikin mutum biyu, wannan sai da hannun wanda ya sani. Amma kai kana da damar da mutane da yawa ba su da ita tunda kasuwa na mayar da kai Gwanzu. Duk zuwa ka koma wurin malami ɗaya, kada ka riƙa sauya su, ka nuna masa takun nan da motsi ɗayan da ka yi ta maimaitawa, in da hali ka biya awa ɗaya kai da shi kaɗai maimakon wata bitar mai cike da mutane. Kafin nan dai ka fara da ɗaga tsayuwa da kwashe nauyi kafin juyi, in gwiwar ba ta lafa ba cikin sati uku ka kai ta asibiti. Allah ya ba da lafiya.